Kankun, Playa del Carmen ko Puerto Vallarta: Ina Iyali Za Su Sauka a Gaɓar Tekun Meziko?

Magidancin da ya ƙudurta kai iyalinsa hutu ƙasar Meziko yakan fara da kallon hotuna, hotunan kuwa duk kamar tagwaye suke: farin yashi, ruwa garai-garai, da bishiyar kwakwa a sunkuye. Hoto ba zai gaya masa cewa faɗin ƙasar gaba ɗaya ne ya raba Kankun da Puerto Vallarta ba, domin na farkon yana kallon tekun Karibiyan ta gabas, na biyun yana bakin tekun Fasifik ta yamma, kuma har agogonsu ya bambanta da awa ɗaya. Playa del Carmen kuwa, duk da cewa kilomita 68 kacal ne kudu da Kankun, zama a cikinsa wani abu ne daban. Kwatancin da ke tafe na iyalin da ke son yawon gani da ido ne, wato uba da uwa da yara, wataƙila har da kaka, waɗanda ke da kwana bakwai zuwa goma kuma ba sa son ƙarar da su a kwance bakin ruwa kawai.

Abubuwan da za a auna

Ma'auni huɗu ne. Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin ɗaki kaɗai ba, har da na mota, da tikitin shiga wuraren kallo, da abinci, da tukuicin ma'aikata wanda a Meziko ya zama al'ada, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a gidan abinci. Na biyu ɗorewa, wadda ke da fuska biyu: kwana nawa garin zai riƙe hankalin yara kafin su fara ƙosawa, sannan ko shirin tafiyar zai tsaya da ƙafarsa idan yanayi ya juya. Na uku sauƙi, tun daga isa garin har zuwa tura keken jariri a titi da samun abincin da hankali zai kwanta da shi. Na huɗu haɗari, na ruwa da na hanya da na mutane.

Sai dai kafin a ɗora kowane gari a kan waɗannan ma'aunai, akwai tambayar da ta riga su duka, wato wane wata za a yi tafiyar. A ganina watan ne ya kamata ya zaɓi garin, domin wurin da ya zama aljannar duniya a Fabrairu yana iya zama abin nadama a Agusta.

Wata da yanayi

Rani a gaɓoɓin biyu yana farawa ne daga wajen Nuwamba ko Disamba zuwa Afrilu, kuma shi ne lokacin da baƙi daga Amurka da Kanada ke tururuwa don gudun sanyin ƙasashensu, saboda haka kuɗin ɗaki yakan kai ƙololuwa a makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma makon Ista, lokacin da 'yan Meziko da kansu ke cika bakin teku. A watan Maris ɗaliban jami'o'in Amurka kan kwararo Kankun don hutun bazararsu, da kiɗa da shaye-shaye har asuba, abin da iyali mai yara ya kamata su sani tun kafin su biya.

Lokacin mahaukaciyar guguwa a ɓangaren Karibiyan yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, a ɓangaren Fasifik kuma daga 15 ga Mayu, amma ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Ba kowace shekara take taɓa waɗannan garuruwa ba, amma idan ta taɓa ba ta wasa: guguwar Wilma ta Oktoban 2005 ta kwashe yashin gaɓar Kankun har sai da aka haƙo wani daga ƙasan teku aka sake zubawa, guguwar Nora ta 2021 kuma ta sa kogin Cuale ya yi ambaliya a tsakiyar Puerto Vallarta.

Matsalar da ta fi guguwa yawan ɓata wa baƙi rai ita ce wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira sargazo. Tun daga 2011 ta fara yawaita a tekun Atlantika, ta yi muni a 2015 da 2018, kuma daga nan kusan kowace shekara igiyar ruwa kan jibge ta a gaɓar jihar Quintana Roo, inda Kankun da Playa del Carmen suke, musamman daga Afrilu zuwa Agusta, wani lokaci har Oktoba. Idan ta taru ta fara ruɓewa takan yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan da aka gani shuɗi a hoto ya koma kamar ruwan shayi. Puerto Vallarta ba ya fama da ita ko kaɗan, amma nasa daminar daga Yuni zuwa Oktoba ce, da zafi mai gumi da rana da ruwa kamar da bakin ƙwarya da yamma, kuma koguna kan kwaso laka daga duwatsu su gurɓata launin teku. Abin takaicin shi ne dogon hutun makarantu a Najeriya, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ya faɗo daidai tsakiyar wannan duka, hutun Disamba kuma ya faɗo a kan mafi tsadar makonni.

Biza da hanya

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Meziko, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Amma dokarta ta ɗauke wa wanda ke riƙe da biza mai aiki ta Amurka, Kanada, Ingila, Japan ko yankin Shengen na ƙasashen Turai wannan buƙata, sai dai sharaɗin yana kan kowane fasfo ne, har na jariri, kuma yana da kyau a tabbatar da kamfanin jirgi kafin ranar tashi. Babu jirgi kai tsaye daga Afirka ta Yamma. Turkish Airlines yana tashi daga Istanbul ya sauka birnin Meziko sannan ya wuce Kankun, akwai kuma jirage kai tsaye zuwa Kankun daga Landan da Faris da Madrid, amma ratsawa ta Amurka tana buƙatar bizar Amurka ko da ba za a fita daga filin jirgi ba, kuma 'yan Najeriya da Ghana na buƙatar bizar ratse a filayen jiragen Shengen. Puerto Vallarta galibi sai an sauya jirgi a birnin Meziko, a ƙara tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Kankun yana bayan agogon Najeriya da awa shida, Puerto Vallarta da awa bakwai, don haka a kwana biyun farko yara za su riƙa farkawa tun kafin assalatu, kuma bai kamata a sa doguwar tafiya a waɗannan ranaku ba.

Kankun

Kankun, wanda a tikiti ake rubuta shi Cancún, gari ne da gwamnati ta ƙirƙira don baƙi. An fara gininsa a 1970 a kan wani siririn tsibiri da babu kowa sai 'yan tsirarun masunta da masu kula da gonar kwakwa, otal-otal na farko suka buɗe a 1974. Unguwar otal ɗin tana da tsawon kusan kilomita 22 a siffar lamba 7, teku a gefe ɗaya, tafkin Nichupté a ɗaya gefen, titi guda ne kuma ya ratsa ta daga farko har ƙarshe. Sanin wannan siffa yana da amfani ga mai yara, domin gajeren hannun lambar yana kallon arewa, tsibirin Isla Mujeres ya tare masa igiya, ruwansa a kwance yake kuma ciyawar teku ba ta cika damunsa ba, yayin da dogon hannun ke kallon gabas, inda ruwan ya fi kyau a ido amma igiyarsa ke da ƙarfi. Otal biyu masu farashi ɗaya na iya zama ɗaya a nan ɗaya a can.

Ta fuskar kuɗi, Kankun ne gidan otal mai biya-ɗaya, inda kuɗin ɗaki ya haɗa da abinci da abin sha da wasannin yara. Wannan tsari yana sa magidanci ya san abin da zai kashe tun daga gida, amma yana da ɓoyayyiyar asara iri biyu ga irin iyalin da muke magana a kai. Kaso mai tsoka na kuɗin na giya ne, wanda bai sha ba ya biya wa wasu, sannan duk ranar da aka fita yawo an bar abincin da aka riga aka biya, an sayi wani a hanya. Wanda ke son rage kashe kuɗi yana iya sauka a cikin gari, kusa da dandalin Las Palapas da kasuwar Mercado 28, ya riƙa hawa bas mai lamba R1 ko R2 zuwa bakin teku da 'yan peso kaɗan, wato kuɗin ƙasar, tunda a dokar Meziko gaɓar teku ta jama'a ce, ba ta otal ba. Jihar Quintana Roo tana karɓar harajin baƙi da ake kira Visitax tun daga 2021, ana biya ta intanet, kuma ya shafi Playa del Carmen ma.

Abin kallo a cikin garin kansa bai taka kara ya karya ba. Akwai gidan tarihin al'ummar Maya, 'yan asalin yankin da suka gina tsoffin biranensa, wanda aka buɗe a 2012, da ƙaramin kufai na El Rey inda iguwana, wani ƙaton ƙadangare mai kama da damo, ke shanya jiki a kan duwatsu, yara kuma kan fi kula da shi fiye da ginin. Jirgin fito daga Puerto Juárez yana kai mutum Isla Mujeres cikin kusan minti 20, inda gaɓar Playa Norte ke da ruwan da yaro zai yi nisa a ciki bai wuce ƙugunsa ba. Bayan waɗannan, duk abin da ya cancanci gani sai an yi tafiya.

Mafi girmansu shi ne Chichén Itzá, tsohon birnin Maya mai nisan kusan kilomita 200, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1988. A tsakiyarsa akwai dalar dutse mai matakala 91 a kowane gefe huɗu, idan aka haɗa da dandamalin sama su zama 365, adadin kwanakin shekara. An hana hawa, amma akwai abin da ya fi hawa burge yara: idan mutum ya tsaya a gaban matakalar ya tafa hannu sau ɗaya, amsa-kuwwar ba tafi take dawowa da shi ba, wani siririn kuka ne kamar na tsuntsu, masu jagora kuma kan ce kukan tsuntsun ketsal ne da Maya ke girmamawa. Da zarar yara sun ji, sai an ja su da ƙyar. Filin ba shi da inuwa, tikitin baƙo babba ya haura peso 600, manyan motocin 'yan yawo kuma kan fara sauke jama'a da hantsi. Dabarar da ke taimakawa ita ce jihar Yukatan, inda kufan yake, tana bayan Kankun da awa ɗaya, saboda haka wanda ya tashi da ƙarfe 6:30 na safe a motar da ya ɗauka haya zai isa daidai buɗe ƙofa da ƙarfe 8 na agogon can, ya gama kallo kafin rana ta take. Wanda ya bi motar haɗaka kuwa, wadda ke zagaye otal-otal tana kwasar mutane, ya shirya wa awa goma sha biyu a waje. Jirgin ƙasa na Tren Maya, da ya fara aiki a Disamban 2023, yana da tasha kusa da wurin, sai dai tashoshinsa a wajen gari suke, dole a haɗa da wata motar.

Sauƙi dai Kankun ya fi kowa. Filin jirginsa shi ne na biyu a yawan fasinja a Meziko, ya ɗauki sama da mutum miliyan 30 a 2023, yana kusa da unguwar otal, akwai asibitoci masu zaman kansu, kuma Turanci ya wadatar a ko'ina. Babban haɗarin yau da kullum teku ne, kuma tutocin da ake kafawa a bakin ruwa ba ado ba ne: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja akwai haɗari, baƙi an rufe. Tafkin da ke bayan otal-otal kuma yana da kadoji, an kafa alluna ana gargaɗi.

Playa del Carmen

Idan gani da ido ne maƙasudin tafiyar, Playa del Carmen ya fi Kankun zama a inda ya dace, domin yana tsakiyar abubuwan kallo ne, ba a gefensu ba. Tsohon ƙauyen masunta ne da ya bunƙasa saboda shi ne mashigar jirgin fito zuwa tsibirin Cozumel, tafiyar kusan minti 45. Daga filin jirgin Kankun bas ɗin kamfanin ADO yana kai mutum tsakiyar garin cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, daga nan kuma kusan komai da ƙafa ake zuwa, ta titin Quinta Avenida da aka hana motoci shiga.

Ɗorewarsa ce babban jarinsa. Kufan Tulum, birni mai ganuwa da Maya suka gina a kan tsauni yana leƙen teku, kilomita 65 ne kudu, rabin nisansa daga Kankun. Akumal, wanda sunansa a harshen Maya ke nufin wurin kunkuru, yana kan hanya, kuma ana iyo tare da kunkurun teku ƙarƙashin kulawar jagora. Cobá, wani kufan Maya, yana cikin kurmi, ana zagaya shi a kan keke ko a keken fasinja mai ƙafa uku, abin da ke raba kaka da doguwar tafiyar ƙasa. A gefen babbar hanya kuma akwai abin da ake kira senote: ƙasar yankin dutsen farar ƙasa ce da ruwa ya rarake ta ciki, inda rufin kogo ya rufta sai ga tafkin ruwan daɗi mai sanyi, garai-garai har ana ganin ƙananan kifaye suna zagaye ƙafar mutum. Waɗannan tafkuna su ne mafakar iyali ranar da ciyawa ta ɓata bakin teku, haka ma gaɓar yammacin Cozumel, wadda tsibirin ya kare. Wurin shaƙatawa na Xcaret, da ya buɗe a 1990, yana da kogin ƙarƙashin ƙasa da dabbobi da wasan al'adu da dare, amma tikitin babba ya wuce dalar Amurka 100, iyali mai mutum biyar kuwa sai su yi lissafi. Mako guda yana ƙarewa ba a maimaita wuri ba, kuma yawancin fitar ba ta wuce awa ɗaya a mota.

Ta fuskar kuɗi, garin cike yake da gidajen haya masu ɗakin girki, ga manyan kantuna irin su Chedraui da Walmart a tsakiyar gari, don haka uwar gida na iya dafa shinkafa da miyar kifi da hannunta, a rage kashe kuɗi kuma a huta da tambayar abin da ke cikin tukunya. Ƙananan motocin haɗaka da ake kira kolektibo suna zirga-zirga tsakanin garin da Tulum da arha, suna sauke mutum a bakin hanya daidai inda ya ce. Sai dai titin Quinta Avenida da kansa yana da tsada, masu tallan yawo da kayan tsaraba ba sa barin mutum ya yi taku goma a natse.

Raunin garin biyu ne. Gaɓarsa tana kallon gabas kai tsaye, ta tsakiyar garin siririya ce, kuma tana cikin waɗanda ciyawar teku ta fi addaba. Sannan gidajen rawa na wajen titi na 12 ba sa barin maƙwabta barci, saboda haka iyali su nemi masauki a unguwar Playacar ta kudu ko can arewa da tsakiyar gari. Haɗarin da ba a cika ambata ba shi ne babbar hanya mai lamba 307, wadda motoci ke gudu a kai: wanda kolektibo ya sauke a gefe ɗaya alhali senoten yana ɗaya gefen zai tsallaka ta da yara a hannu. A senote kuma a sa wa kowane yaro rigar hana nutsewa ko da ya iya ruwa, domin ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar na gishiri, zurfin kuma yakan sauya farat ɗaya.

Puerto Vallarta

Wannan gari ne na gaske kafin ya zama wurin baƙi. An kafa shi a 1851 da sunan Las Peñas, aka sauya masa suna a 1918 don tunawa da Ignacio Vallarta, tsohon gwamnan jihar Jalisco, kuma a bakin mutanen wurin sunan yana fita kamar Bayarta. Yana zaune ne a cikin lanƙwasar tekun Banderas, duwatsun Sierra Madre masu kurmi sun sauko har bakin ruwa, gidaje masu farin fenti da jan rufi sun hau gangare. Yashinsa ruwan zuma ne, yana zafi da rana, ruwan kuma bai kai na Karibiyan haske ba. Wanda farin yashin hoto ya ja shi Meziko zai ji kamar an sauya masa kaya.

Abin da garin ke da shi wanda sauran biyun ba su da shi shi ne maraice. Titin Malecón na bakin teku, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, babu mota a kansa, kuma da la'asar sakaliya mutanen garin da kansu ke fitowa da 'ya'yansu, ana kallon gumakan tagulla da masu sassaƙa yashi, ana cin gasasshen kifi a tsinke kamar tsire, rana kuma tana faɗawa cikin teku a gaban ido. Duk wannan ba a biyan ko sisi. Daga Disamba zuwa Maris kifin wel mai doro, wanda a gaskiya dabba ce mai shayarwa da tsawonta kan kai mita 15, yana shigowa lanƙwasar don haihuwa, ana fita kallonsa a kwale-kwale mai inji. Daga wajen Yuli zuwa Disamba kuma lokacin kunkurun teku ne: masu kula da ƙwai kan tara jama'a da faɗuwar rana, a ja layi a kan yashi, a miƙa wa kowane yaro ɗan kunkuru da bai fi tafin hannunsa ba a cikin ƙoƙo, ya ajiye shi ya ga yadda yake rarrafe yana nufar ruwa, igiya ta dawo da shi baya, ya sake yunƙurawa. Akwai kuma ƙauyen Yelapa da aka fi zuwa ta ruwa, da lambun tsirrai na Vallarta da ya buɗe a 2005 kudu da gari, da San Sebastián del Oeste, tsohon garin haƙar ma'adinai a kan duwatsu inda ake noman kofi kuma iska ke da sanyi. Kufan Maya dai babu, kuma babu abin da ya maye gurbinsu.

Kashe kuɗin yau da kullum ya fi sauƙi a nan, domin filin jirgi yana cikin gari, bas ɗin gari yana zuwa ko'ina, gidajen abincin da 'yan gari ke ci suna kusa, abin kallo da yawa kuma kyauta ne, sai dai ƙarin tikitin jirgi daga birnin Meziko yana cinye wani ɓangare na rarar. Tsohon garin daɓen duwatsu ne da gangare da matakala, wahala ce ga keken jariri da gwiwar tsoho. Unguwar Zona Romántica, duk da daɗin sunanta, ta mashaya ce da shagalin dare, don haka iyalai suka fi sauka a Marina ko a Nuevo Vallarta da ke arewa cikin jihar Nayarit, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma gaɓa ke da faɗi. Akwai kadoji a bakin koguna, kada a bar yara su yi wasa a irin wuraren, musamman da dare.

Tsaro da abinci

Maganar ƙungiyoyin fataucin miyagun ƙwayoyi ta shafi jihohin biyu. A ma'aunin gargaɗi mai hawa huɗu na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, Quintana Roo ta daɗe a mataki na biyu, Jalisco a na uku, Yukatan a na ɗaya. A Disamban 2020 an harbe tsohon gwamnan Jalisco, Aristóteles Sandoval, a wani gidan abinci a Puerto Vallarta, a Oktoban 2021 kuma baƙi biyu sun mutu a musayar wuta a Tulum. Yawancin rikicin tsakanin 'yan harkar ne, kuma ya fi kusa da gidajen rawa da tsakar dare fiye da iyalin da suka koma masauki bayan isha'i, amma lamarin yana sauyawa, a duba labarai kafin a biya. Abin da ya fi yawan samun baƙi ƙanana ne: tasi marar mita da ba a yi ciniki ba kafin shiga, kuɗin inshorar motar haya da ke ninka farashin da aka gani a intanet, da mutanen da ke tare fasinja a zauren fita na filayen jiragen biyu kamar ma'aikata, alhali tallan hannun jarin ɗakin otal suke yi. Ba a shan ruwan famfo, sauro na ɗauke da zazzaɓin dengi da damina, lambar gaggawa kuma 911 ce.

Ga iyalin da ba sa cin alade, kallon nama kaɗai bai isa ba, domin kitsen alade, wanda suke kira manteca, yakan shiga dafaffen wake da tamal, wani ƙullun masara da ake turarawa a ganye kamar alale, kuma cochinita pibil na Yukatan da tacos al pastor duka alade ne. Kalmomin "sin cerdo, sin manteca", wato ban da alade ban da kitsensa, sun cancanci a rubuta su a takarda. Kifi ne mafita a gaɓoɓin biyu: tikin xic a ɓangaren Kankun, zarandeado a ɓangaren Vallarta, duka gasassu a kan garwashi.

| Ma'auni | Kankun | Playa del Carmen | Puerto Vallarta |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi tsada a unguwar otal | Matsakaici, tikitin shiga na taruwa | Mafi sauƙi a kullum, da ƙarin jirgi |
| Ɗorewa | Kwana uku zuwa huɗu, sai doguwar fita | Mako ko fiye | Kusan mako, ya danganta da wata |
| Isa garin | Mafi sauƙi | Ƙarin awa ɗaya a mota | Sauya jirgi a birnin Meziko |
| Zirga-zirga | Bas a titi guda | Ƙafa da kolektibo | Bas da kwale-kwale, akwai gangare |
| Kufan Maya | Ƙarami a gari, manya da nisa | Akwai, kusa | Babu |
| Ciyawar teku | Gabas da yawa, arewa kaɗan | Da yawa | Babu |
| Babban haɗari | Igiyar gabas | Hanya ta 307, zurfin senote | Kadoji, ruwan damina |

Wa ya dace da ina

Iyali mai yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ko mai tsohuwa da ba ta son yawan motsi, ko waɗanda wannan ce tafiyarsu ta farko mai nisa haka, su ɗauki Kankun a gefen arewa, su wadatu da Isla Mujeres da gidan tarihi da fita ɗaya tak mai nisa. Masu yara 'yan shekara bakwai zuwa sama, waɗanda suka iya ruwa kuma suna tambayar wa ya gina wannan, Playa del Carmen ne nasu, tsakanin Disamba da Maris, a gidan haya mai ɗakin girki, kuma da ni ne mai zaɓa wa irin wannan iyali nan zan nufa ba tare da dogon tunani ba. Waɗanda dabbobi da duwatsu da zaman gari suka fi burge su fiye da tarihi, ko waɗanda ke zaune a yammacin Amurka ko Kanada inda jirgi kai tsaye yake da yawa, su nufi Puerto Vallarta a Janairu ko Fabrairu, lokacin da kifin wel ya cika lanƙwasar.

Saura iyalin da ba su da wani lokaci sai dogon hutun Agusta. Su kauce wa gaɓar da ke kallon gabas, su kwana a Isla Mujeres, ko yammacin Cozumel, ko arewacin Kankun, su sa kufai da sassafe, senote da tsakar rana, sannan su biya ɗan ƙarin da ake nema don tikiti da ɗakin da za a iya sauya wa rana idan aka sanar da guguwa.